Lamba Arba'in da Ɗaya

SHAFI NA 23

Da sunan Allah nake buɗe shafin yau. Masu aiko mini da saƙo tun da sassafe cewa na bar ku a rataye, na ji, na karɓi laifina. Amma ke da kika rubuta a ƙarƙashin shafin jiya cewa Mma Safura dutse gare ta a ƙirji, 'yar'uwa, gyara zama. Yau da ke nake.

*

Ranar Laraba bayan azahar Basma ta hau benen Islamiyyar da masu bincike suka ari ɗaki ɗaya a ciki, ta zauna gaban kwamfuta, ta saƙala abin sauraro a kunne. Wata uku ke nan tana aikin sa-kai tare da su Dakta Nusrat, mutanen jami'a masu bin unguwannin da likitan ƙwaƙwalwa bai saba takawa ba, suna tambayar jama'a abin da ke cin ransu. Bayan bin gidaje da takardun wayar da kai, aikin Basma shi ne ta saurari hirar da aka naɗa, ta rubuta ta kalma bayan kalma, duk inda aka ambaci sunan mutum ta goge ta sa ɗigo uku.

Dabarar rufin asirin da suka yi kuwa, ita kanta ta sara musu. Hirar da aka ɗauka a nan Zongon Kumasi, 'yan sa-kai na unguwar Sofoline ake tura wa su rubuta. Wadda aka ɗauka a Sofoline, ita ke zuwa hannun 'yan Zongo. Ai kun san Zongonmu: ka yi atishawa a ƙofar masallaci, kafin ka kai gida an ce an kwantar da kai a asibiti.

Tun ranar farko Dakta Nusrat ta ja musu kunne.

"In kika ji muryar da kika sani, ki tsayar nan take, ki kawo mini. Mutanen nan amana suka ba mu."

Basma ta danna hira ta gaba. Lamba arba'in da ɗaya. Mace, shekara hamsin da bakwai, mai sayar da abinci.

Muryar Barkisu ce ta fara fitowa, mai ɗaukar hira a Sofoline, wadda Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ka" ne a bakinta.

"Mma, sannu da zuwa. Ka ji takardar da na karanta? Maganar nan ba wanda zai ji a unguwarku kraa."

Sai aka yi tari. Gajere, sau biyu, irin na wadda ta shekara talatin a gaban murhu.

Hannun Basma ya tsaya cak.

"Yarinya, rantse."

"Wallahi, Mma."

"Yoo. Don daga nesa na zo. Motar trotro biyu na hau don kada in haɗu da idon sani."

Mahaifiyarta ce. Mma Safura mai waakye, wato shinkafa da wake, wadda ko makon jiya sai da ta taɓe baki ta ce mata, "Aikin banza, a tara mutane su yi ta kuka a gaban rikoda. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Yatsan Basma ya je kan wurin tsayarwa. Ya zauna a kai. Bai danna ba. Kada wanda ya yi mata kallon waliyyai a nan, ku ma da ba ku danna ba.

Don akwai tambayar da ta shekara biyar tana ɗauke da ita a ƙirji: wace irin uwa ce ɗanta zai ɓace ba ta zubar da hawaye ko sau ɗaya ba? Su biyu Mma ta haifa, Muniru da ita. Muniru kafinta ne a Anloga, unguwar masu katako. Shi ya goya ta, shi yake kai ta makaranta a kan keke, shi ya ƙera mata teburin karatu da guntayen katakon da aka zubar. Tana can Cape Coast tana karatu, ta dawo hutu, aka ce mata ya bi samari Libiya, ko sallama bai bar mata ba. Mma ba ta ƙara komai a kai ba. Dama ba ta kiran sunansa. Ɗan fari ne, kuma gidan mahaifinsu Malam Sumani gidan tsofaffin Hausawa ne da suka riƙe kunyar ɗan fari tun zamanin fataucin goro. "Mai katako" take ce masa, shi ma sai in ya zama dole.

Basma ta yi ta aika masa saƙon murya ta WhatsApp. Labarin jarrabawa, labarin wanda ya yi aure a unguwa, zolaya, roƙo. Saƙo sai ya yi makonni a kwance, rana ɗaya ta ga alamar ta koma shuɗiya, wato ya saurara. Amsa kuwa, ko "yoo" babu. Shekara uku tana wannan wahala. Sai mahaifinsu ya rasu, shekara biyu da suka wuce. Ranar addu'ar uku ta koma lungu da wayarta, idonta kamar garwashi, ta aika na ƙarshe:

"Bra Muniru, Baba ya rasu. Baƙi ne suka ɗauki gawarsa, ɗansa yana can yana neman duniya. Kada ka dawo. A wurina kai ma mun binne ka tare da shi."

Wannan sai da ya yi wata huɗu da ɗoriya kafin ya yi shuɗi. Daga nan ba ta ƙara aikawa ba.

A cikin kunnenta Barkisu ta fara karanta tambayoyin takarda.

"Cikin sati biyu da ya wuce, kwana nawa ka ji zuciyarka ba daɗi? Ba ko ɗaya, kwana kaɗan, ko kusan kullum?"

"Sati biyu? Takardarku ƙarama ce, yarinya. Ki tambaye ni shekara biyar."

"Me ya faru shekara biyar, Mma?"

Sai hon ɗin motocin Sofoline daga nesa.

"Ina da ɗa. Mutane sun san yana Libiya."

"Yoo."

"Bai taɓa ganin Libiya ba."

Basma ta ji kujerar ta yi mata nisa da ƙasa. Ta kama gefen tebur da hannu biyu.

"Barci ne ya fara ƙaurace masa," in ji muryar Mma. "Sai ya ce katako na yi masa magana. Wata rana maigidansa ya aiko daga Anloga, wai tun safe yake goge katako ɗaya, har ya koma kamar takarda. An hana shi, ya ƙi bari. Hannunsa duk jini."

"Ei, Allah sarki."

"Malam ya yi rubutu, ya yi tofi, ya sa aka yi sauka. Abu ya ƙi."

"Ba ku kai shi asibiti ba? Bantama ba nisa."

"Bantama? Inda rabin Zongo ke zuwa dubiya kullum? Malam yana da ɗalibai sun fi tamanin. A ce malamin da ke yi wa 'ya'yan mutane addu'a, nasa ya zauce? Ga ƙanwarsa budurwa. Wa zai zo neman aure gidan da aka ce akwai taɓin hankali?"

Basma ta toshe bakinta da mayafi. Ashe har da ita a cikin dalilan.

"Bayan sallar asuba Malam ya samo mota, muka kai shi wurin wani mai magani, a wani ƙauye gaba da Techiman. Can yake. Ƙarƙashin rumfa. Da mari a ƙafa, don ya taɓa gudu ya shiga daji."

"Har yanzu?"

"Har yanzu. Alhamis ta farko a kowane wata nake zuwa. Ita yarinyar ina ce mata zan je sayen wake."

Waken Techiman. Sau nawa Basma ta tari Mma a bakin titi ta sauke mata buhun nan, tana mitar cewa ga wake a kasuwar Kumasi amma sai an wahalar da kai? Sau nawa ta ga ƙafafun Mma sun kumbura ranar Juma'a ta ce taurin kai ne?

"Mma, ka sha ruwa."

"Bar ruwan. Zan faɗi sunansa."

"A'a, ba sai ka faɗi suna ba. Dokar aikin ne, ko ka faɗa za a goge."

"A goge. Ni dai bari in faɗa. Shekara talatin da huɗu ban taɓa jin yadda yake a bakina ba."

Aka ja numfashi.

"Muniru."

Kamar mai ɗanɗana abu mai zafi. Sai kuma,

"Muniru. Muniruna."

Daga nan kukan ya ɓalle. Basma ba ta taɓa jin wannan kuka ba, ko ranar da aka fita da gawar Malam. Ba mai ƙara ba ne. Kuka ne na wadda ta saba yinsa a inda ba ta son a ji, har ya koyi fita a hankali. Basma ta dubi kwamfutar, ta ga ashe hannunta ya rubuta sunan sau uku ba ta sani ba. Aikinta ne ta goge ta sa ɗigo uku. Ta kasa.

"Da yana hira," Mma ta ci gaba, muryar ta dushe. "Yana dariya ma. Ya fi shekara ɗaya da rabi yanzu bai ce uffan ba. Sai kallon ƙasa. Kuma ni na jawo."

Basma ta fizge abin sauraron daga kunnenta. Hirar minti hamsin ce, a na ashirin da shida ta tsaya. Da ta daure ta kai ƙarshe, da ta san irin ƙafar da za ta shiga gida da ita. Amma mai ciwo ba ya jiran layi.

A kan matakala ta yi kiciɓis da Dakta Nusrat.

"Basma, lafiya? Kin gama arba'in da ɗaya?"

Ta raɓa ta wuce, ko waiwaye.

*

Ta tarar da Mma a ƙofar ɗaki kan 'yar kujerarta, faranti a cinya tana tsince wake, karan dafi na jiƙe a roba gefe guda. Matan gidan haya suna ta hidimarsu a tsakar gida.

"Kin dawo da wuri. Masu sa mutane kuka sun tashi ne?"

"Mma, wake ya ƙare?"

"Ya zo gangara. Gobe Alhamis, zan leƙa Techiman."

"In kin je ki gaishe shi."

"Mai waken?"

"Mai katako."

Farantin ya karkace. Wake ya watse a siminti, kaji suka yi caa a kai. Mma Safura, wadda ke iya bin kaza da tsintsiya a kan ƙwaya ɗaya, ko kallonsu ba ta yi ba. Ta miƙe a hankali, ta ɗaga labule.

"Shigo. Ja ƙofa."

Basma ta shiga, ta ja.

"Wa ya faɗa miki?"

"Ke."

"Ni?"

"Lamba arba'in da ɗaya. Mace, shekara hamsin da bakwai. Trotro biyu kika hau."

Mma ta laluba bakin gado ta zauna.

"Ta rantse mini. Da Allah ta rantse."

"Ba ta yi ƙarya ba, ba ta san daga Zongo kike ba. Hirar Sofoline mu ake kawo wa mu rubuta. Da a nan unguwa kika yi, da har abada ban ji ba."

Mma ta yi wata dariya da ba ta da sauti.

"An gudu ba a tsira ba. Ashe da ƙafata na kai kaina hannunki." Ta ɗago ido. "Da kika ji ni ce, kika ci gaba da saurare?"

Basma ta kawar da kai.

"Sau ɗaya a rayuwata na buɗe cikina, Basma. Sau ɗaya tak."

Maganar ta soke ta, don ta san ta ci amanar aikin, ta ci ta uwarta. Amma wutar da ke cikinta ta fi ƙarfin kunya.

"Shekara biyar, Mma! Shekara biyar ina kwana ina tashi da haushin mutumin da ke ɗaure a rumfa kamar akuya! Ina bin gidaje da takardu ina roƙon mutane su kai nasu asibiti, ina ce musu ciwo ne kamar kowane ciwo, ana samun sauƙi, ashe nawa yana cikin mari!"

"Rage murya, akwai mutane a gida."

"Mutane! Mutanen nan dai! Su suka haifa miki shi?"

"Basma."

"Kika zauna kina kallona ina cewa ya watsar da mu. A gabanki na ce ba shi da amana. Kika ci gaba da tuƙa tuwo!"

"Me zan ce? Malam ya yanke magana."

"Baba ya shekara biyu a ƙasa! Bayansa fa?"

Mma ta sunkuyar da kai, tana murza gefen zaninta.

"Shi ya roƙe ni."

"Wa?"

"Mai katako. Ranar da ya fara dawowa hayyacinsa ya kama bakin zanina. Ya ce, Mma, kada Auta ta gan ni da ƙarfe a ƙafa. Ki bari sai an cire, in je mata da ƙafata."

Auta. Duk duniya shi kaɗai ke kiranta haka. Basma ta zame ta zauna a kan leda, bayanta jingine da ƙofa. Ta yi kuka mai isarta. Mma ba ta rarrashe ta ba, ba ta kuma hana ta ba. Can aka fara kiran la'asar, masallaci na karɓa wa masallaci.

Sai wani abu ya faɗo mata a rai. Ta share fuska.

"To wayarsa fa? In ba ya Libiya, wa ke sauraron saƙonnina?"

Mma ta tashi ta buɗe kabad, ta sauke murfin babbar kwallar aurenta, ta ciro wani abu naɗe a tsohon ɗankwali. Ta warware. Waya ce mai tsagaggen gefe, da tabon gam ɗin kafinta a bayanta. Basma ta san tabon, a gabanta ya ɗiga.

"Da safen nan na karɓo ta wurin mai shagon waya a kasuwar Kejetia. Shi yake sa mata wuta da abin da ake sa mata. Duk tafiya da ita nake zuwa."

"Ke kike kai masa?"

"In miƙa masa, in zagaya bayan rumfa in wanke masa kaya. Ba zan zauna in ƙura masa ido ba, kin sani. Daga can nake jiyo dariyarsa."

"Yana dariya?"

"Sosai paa. Wani lokaci ya maimaita ɗaya sau biyar. Wanda kika ce kin ci jarrabawa, sai da ya sa duk masu jinya a wurin suka saurara."

"To me ya sa bai taɓa amsa mini ba?"

"Yakan ɗauki muryarsa, sai ya goge. Ya ce jiƙon da ake ba shi ya nauyaya masa harshe, kina ji za ki gane."

Basma ta dubi wayar.

"Ke kin taɓa saurara?"

"Maganar wa da ƙanwa ce, ina ruwana a ciki?" Mma ta shafa fuskar wayar da babban yatsa. "Muryarki ta fi masa duk abin da aka jiƙa aka ba shi. Ya yi ƙiba, yana sallah a kan lokaci, har ya gyara wa mai maganin ƙofa da benci biyu. Mai maganin da bakinsa ya ce bayan Babbar Sallah za a cire marin. Saura wata biyu. Sai Malam ya rasu."

Basma ta fara lissafin watanni a zuciyarta.

"Na shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma ban taka ƙofar gida ba. Babu wanda zan aika, tunda ni da Malam kaɗai muka san hanya. Ina zaune a ɗakin nan ana shigowa ana yi mini gaisuwa, ni kuwa lissafin Alhamis nake. Guda huɗu suka wuce ni."

Wata huɗu da ɗoriya.

"Ina fita takaba na tafi. Na tarar ya rame, yana ta tambaya me ya hana ni zuwa, ina Baba. Na ce ƙafa ce ta matsa mini, Malam kuma ɗalibai sun riƙe shi. Mai maganin ya ja ni gefe ya ce kada a faɗa masa mutuwar, zai koma baya. Har yau bai san ubansa ya rasu ba."

"Bai sani ba?" in ji Basma.

"Wa zai faɗa masa? Na miƙa masa wayar kamar kullum, har yana ɗoki wurin karɓa. Ya ce, yau Auta ta tara mini labari. Na zagaya. Ina wanki ina jira in ji dariya."

Mma ta juya wayar a hannunta.

"Ban ji ba. Na gama wankin, na shanya, ban ji ba. Da na dawo na tarar ya kifa wayar a ƙasa, ya juya fuska ga gungumen da aka ɗaure marin. Na ce, mai katako, ga abinci. Bai juyo ba. Tun daga ranar."

"Mma…"

"Fushi yake da ni, kuma yana da gaskiya. Wata huɗu na bar shi kamar marar uwa, na zo na yi masa ƙaryar ƙafa. Yaro ne mai zurfin ciki, sai da ya zauna ya auna sannan abin ya ci shi. Duk wata ina kai masa wayar, ko kallonta ba ya yi. Ke ma kin daina aikowa. Marin da za a cire, ga shi har yau." Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba. "Ni na rufe masa baki, Basma. Abin da na je Sofoline in faɗa ke nan, don ya hana ni barci."

Jama'a, magana zarar bunu ce. Basma ta shigo ɗakin nan da tuhuma a baki, ta zo ta tsayar da uwarta a gaban shari'a. Yanzu ga ta zaune a ƙasa ta gane komai. Saƙo ɗaya ne a wayar ranar nan. Ba labari ta tara masa ba. Mutumin da ya rage wata biyu a kwance masa ƙarfe ya zo mata da ƙafarsa, daga bakinta ya ji mutuwar ubansa, daga bakinta ya ji an binne shi da rai. Kuma tsohuwar nan ta shekara ɗaya da rabi tana ɗauke da laifin da ba nata ba. Zuciyar Basma ta karye, karyewar da ba ta san akwai irinta ba.

Mma ta jawo numfashi, ta gyara ɗaurin ɗankwali.

"Tunda Allah ya tona, shi ke nan. Gobe mu tafi tare. Ko in ba za ki iya ganinsa haka ba, ki yi masa magana a cikin wayar, ko Allah zai sa ya…"

Ta tsaya. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma Mma Safura ta shekara ashirin da shida tana karanta wannan fuskar.

"Mene ne?"

"Ba komai."

"Fuskarki ta canja."

"Ba komai, Mma. Kawo wayar."

Mma ta dubi wayar. Ta dubi 'yarta. Ta sake duban wayar, a hankali, kamar yau ta fara ganinta.

"Na ƙarshen nan. Yaushe kika aika shi?"

"Mma, don Allah kawo."

"Yaushe?"

"Ranar… ranar addu'ar uku."

"Me kika ce masa a ciki?"

Basma ta rarrafo ta kama ƙafafunta.

"Don girman Allah, Mma. Don darajar Baba. Kada ki kunna."

Mma Safura ba ta iya karatun boko ba. Amma shekara uku tana leƙen ɗanta ta tsagar rumfa, tana kallon abin da kunya ta hana ta kalla a fili, ta san daidai inda babban yatsansa yake sauka. Ta ɗaga wayar sama inda hannun Basma ba zai kai ba.

Ta danna.

Muryar Basma ta cika ɗakin.

"Bra Muniru, Baba ya rasu. Baƙi ne suka ɗauki gawarsa…"